Wai Habbatus-Sauda Na Maganin Maƙoƙo?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Gusau, ya aiko da takarda yana tambaya: wai gaskiya ne masana sun gano habbatus-sauda na maganin maƙoƙo?

To Malam, ga yadda abin yake. A gaban wuyanka akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. In ta yi sanyin aiki, sai kasala da jin sanyi da ƙiba da mantuwa, wani lokaci har wuya ya kumbura.

A ƙasar Iran, masu bincike sun ba ɓeraye maganin da ke rage aikin wannan tsoka, sannan suka haɗa wa wasunsu da ruwan da aka tato daga habbatus-sauda. Waɗannan ba su yi mantuwa kamar sauran ba, ɓarnar da ta sami ƙwaƙwalwarsu kuma ta ragu.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Kada ka bar ƙwayar da likita ya rubuta maka saboda wannan labari. Ka riƙa sayen gishiri mai aidin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993, a kuma jiƙa rogo mai ɗaci sosai kafin a ci. In wuya ya kumbura, sai asibiti a auna jini.