Jan Farce a Kan Kafet da Fata: Ɗaga Shi Ake Yi, Ba Dirzawa Ba

A Tudun Wada, kamar sauran unguwannin Gusau, ba a cewa an gama jeren ɗakin amarya sai an shimfiɗa kafet an girke kujeru. Iyaye kan daɗe suna tara kuɗin waɗannan kaya, kuma daga Tsafe da Bungudu ma nan Gusau da yawa ke shigowa sayayya. A irin wannan ɗaki ƙawaye ke zaman kwalliya, a nan kuma kwalbar jan farce kan kife. Abin da ke biyo baya sananne ne. Wata ta ce, "Yaya, miƙo tsumma!" A hau dirza, a kwarara ruwan goge farce, wata kuma ta kawo shawarar kalanzir. Kafin a ankara, ɗigon da bai kai kwabo ba ya zama faɗin tafin hannu.

Yawancin ɓarnar da ke samun kafet da kujeru ba jan farcen ne ke yin ta ba, hannun da ya kawo ɗauki ne. Garin neman gira a rasa ido. Abin yana damuna, domin kaya ne da aka saya da gumi, kuma da an san yadda jan farce yake, da an tsira da su.

Jan farce dangin fenti ne. Ginshiƙinsa wani sinadari ne mai suna naitiroselulos, wanda ake sarrafawa daga auduga ko ɓargon itace. Da shi kamfanin DuPont na Amurka ya yi fentin mota mai saurin bushewa a shekarun 1920, kuma a 1932 aka kafa kamfanin Revlon a birnin New York, wanda ya fara kasuwancinsa da jan farce. A cikin kwalba, sinadarin yana narke ne a wani ruwa mai saurin bin iska, shi ne wannan warin mai hawa kai da ake ji da an buɗe murfi. Ruwan na tashi, sai a bar ɓawo mai launi manne a saman abin da ya taɓa.

A sama yake zama, ba ya shiga ciki. Dalilin da ya sa ke nan malamai ke cewa yana hana ruwan alwala isa ga farce, alhali lalle ba ya hanawa. Shi lalle rini ne: akwai sinadari a ganyensa da ke kama furotin na fata da farce ya zama ɗaya da su. Jemammiyar fata da zaren ulu su ma furotin ne, shi ya sa in lalle ya zauna a kan tim-tim ko dardumar ulu, da wuya ya fita. Jan farce ya fi shi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba, matuƙar ba a tura shi ciki da ƙarfin tsiya ba. Ruwa da sabulu kaɗai ba sa narkar da shi, dirzawa kuwa ba ta ƙara komai sai cusa shi tsakanin zare.

In ya zuba a kan kafet yana ɗanye, cokali ake fara nema. A riƙa kwasowa daga bakin tabon zuwa tsakiya, ana goge cokalin bayan kowace kwasa. Sannan a sami farin ƙyalle mai tsabta a riƙa dannawa ana ɗagawa, ana sauya gefen da bai ɓaci ba. Fari nake cewa da gangan, domin guntun atamfa na iya zuba ya ƙara nasa launin a kan na farko. In kuwa sai da safe aka gani ya riga ya bushe, to a kankare ɓawon a hankali da bayan wuƙa, a share garin. Kafet mai dogon gashi ma ana iya datse kan zaren da almakashi kaɗan, ba mai lura.

Sauran launin da ya maƙale shi ke buƙatar abin narkarwa, kuma a nan ake yawan kuskure. Ruwan goge farce iri biyu ne, mai asiton da marar asiton, kuma akan rubuta a jikin kwalbar. Asiton ya fi ƙarfi, amma ba ya bambance abin da aka aike shi da abin da ya tarar. Yawancin kafet ɗin kasuwanninmu zaren roba ne, kuma zaren kansa kan jure, sai dai akwai gam a ƙasansa da ke riƙe da shi. In aka tsiyaya asiton ya ratsa har ƙasa, gam ɗin ya saki, bayan 'yan kwanaki a ga wurin yana tsigewa. Wani yadin mai sheƙi kuma, wanda aka saƙa da zaren asitet, narkewa yake yi ɗungurungum. Saboda haka a fara da sifirit na kemis ko ruwan goge farce marar asiton. A gwada tukuna a lungun da kujera ke rufewa, a jira a ga ko launi zai koɗe. Kada a zuba a kan kafet. A jiƙa auduga, a dangwala, a tsane da farin ƙyalle, a sake. Aiki ne mai cin lokaci, ana iya maimaitawa sau da yawa kafin ƙyallen ya daina ɗaukar launi. Daga ƙarshe a bi wurin da ruwan sabulun wanke-wanke kaɗan, a ɗauraye, a tsane, a bar shi ya sha iska. Ledar tsakar ɗaki kuwa kada asiton ya kusance ta, yana cinye sheƙinta da zanenta.

Fata ta fi wuya, domin abin da muke kira fata ba abu ɗaya ba ne. Kujeru da jakunkuna da yawa da ake sayarwa da sunan fata, yadi ne da aka lulluɓe da roba. Asiton na taɓa su sai saman ya yi danƙo, daga baya ya soma ɓamɓarewa, kuma wannan ba shi da gyara sai sauya yadi. Fata ta gaske da ta fito daga masana'anta, irin wadda ake jemewa a Challawa da Sharaɗa a Kano, galibi akan bi samanta da launi da wani siririn rufi mai kare ta. Jan farce a kan rufin yake zama. In ɗanye ne a ɗebe shi da gefen tsohon kati. Abin da ya rage a ƙyale shi ya bushe sarai, sannan a riƙa lanƙwasa wurin ana murzawa da yatsa, sau da yawa da kansa yake tashi. In ya ƙi, a naɗa auduga a kan tsinke, a ɗan taɓa sifirit, a bi kan launin kaɗai ba tare da an shafi kewayensa ba, sannan a shafa man fata don kada wurin ya bushe ya tsage.

Sai tamu ta gida, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, dukawa su ɗinka tim-tim da takalma da gafaka da kube. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin waɗanda duniya ta daɗe da sani. Ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can take isa gare su. Wannan fata ba ta da rufi. Ɗiga mata ruwa ka gani: nan take za ta shanye, wurin ya yi duhu. Haka za ta sha sifirit, kuma jan rinin karan dafi da ake yi mata yana narkewa a cikinsa, sai a cire jan farce a bar fari fat a wurin. Man girki da wasu ke shafawa don tausasa tabon shi ma naso yake yi ya bar nasa duhun. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙarfe da ruwan bagaruwa in suka haɗu baƙi suke bayarwa, da wannan hikimar ce dukawa ke haɗa baƙin rini da kashin maƙera. Wanda ya jiƙa irin wannan fata ya kankare ta da wuƙa mai tsatsa, ya yi mata baƙin tabon da ya fi na farko muni. A ganina, nan ba wurin gwaji ba ne. A bar shi ya bushe, a ɓamɓare abin da farce zai iya, sauran a kai wa baduku, shi ya san rininsa kuma zai iya mayar da launi inda ya tashi.

Batun da ya fi tabo girma shi ne wuta. Asiton yana tafasa ne a digiri 56 kacal, zafin Gusau kuwa a watan Afrilu yakan kai 40, don haka buɗe kwalba ke da wuya ya soma cika ɗaki. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, daidai inda ake ajiye kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Kafin a fara wannan aiki a fitar da kasko, a kashe risho, a buɗe taga da ƙofa, a janye yara. Fetur da kalanzir ba su da gurbi a nan ko kaɗan: ga haɗarin gobara, ga maiƙon da suke bari yana jan ƙura. Ruwan bilic kuma kada a kuskura a haɗa shi da asiton ko sifirit, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. Audugar da aka yi aiki da ita a fitar da ita waje ta bushe a inuwa, nesa da murhu, kafin a zuba ta a shara.