Rumbun Ƙarfe a Jikin Ɗan'adam



Duk manomin Kuki da ya taɓa mance fartanyarsa a gona da damina ya san abin da zai tarar, watau tsatsa. Ƙarfe ya gamu da ruwa da iskar oksijin, ya zama jan gari wanda ruwa ba ya narkarwa. To, a jikin baligi akwai ƙarfe giram 3 zuwa 4, wajen kashi biyu cikin uku yana jini, ga ruwa, ga oksijin. Me ya hana mu yin tsatsa?

Gaskiyar magana muna yi, amma a cikin rumbu. Sunan rumbun feritin, wani furotin ne da Vilém Laufberger ya fitar daga saifar doki a 1937. Tubala 24 ne suka haɗu suka yi shi kamar rufaffiyar ƙwarya, cikinsa kuwa yana ɗaukar ƙwayoyin zarra na ƙarfe har 4,500.

Ƙarfe mai caji biyu yana narkewa a ruwa, shi ne kuma mai ɓarna, domin in an bar shi sake yakan haifar da guba mai lalata ƙwayoyin jiki. Sai ya shiga feritin ta waɗansu 'yan ƙofofi. Tubalan nan iri biyu ne, masu nauyi da marasa nauyi. A jikin mai nauyi akwai gurbi da ke kama zarra biyu dab da juna, ya haɗa su da oksijin, kowace ta ba da elektiron guda, ta koma mai caji uku. Sa'an nan su wuce ciki, inda marasa nauyi ke taimaka musu su dunƙule su zama ɗan dutse, ɗan'uwan tsatsar fartanya. Ran da jiki ya bukata, sai ya fasa rumbun, ya mayar musu da elektiron, su narke.

Abin lura shi ne jiki ba shi da hanyar korar rarar ƙarfe. Abin da yake zubarwa a yini miligiram 1 zuwa 2 ne, alhali ledar jini guda tana ɗauke da wajen 200. Saboda haka mai ciwon sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, rumbunansa sukan cika, ƙarfe ya taru a hanta da zuciya ya yi lahani. Shi ya sa likita ke auna feritin a jininsa. Kuskure ne babba, a ganina, a ga irin wannan yaro ya yi fari a saya masa ƙwayar ƙarin jini a kemis ba tare da awo ba.