Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Aikin Duba Ido: Abin da Aka Gani a Ƙasar Tailan

Daga cikin illolin ciwon sukari, akwai wadda ba ta yin sallama kafin ta shigo. Yawan sukari a jini yakan lalata ƙananan jijiyoyin da ke can ƙuryar ido, a shimfiɗar da ke karɓar haske, har su kumbura su riƙa yoyon jini. Mai ciwon ba ya jin zafi, kuma sau da yawa sai gani ya fara dusashewa sannan ya farga. In an gano da wuri, akwai magani ta hanyar hasken lesa ko allura. Matsalar ita ce masu ciwon sun yi wa likitocin ido yawa, domin ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke fama da shi.

Wannan giɓi ne ya ja hankalin masu tsara manhajar kwamfuta. A da, mai tsara manhaja yakan zauna ya rubuta wa na'ura ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya. Amma ɗigon jini a hoton ido ba shi da kama guda da za a iya rubutawa. Saboda haka masu bincike na kamfanin Google suka bi hanyar da ake kira ƙirƙirarriyar basira: suka tara hotunan ido kimanin 128,000, likitoci 54 suka duba su suka rarrabe su, sannan aka bar na'urar ta koyi bambancin da kanta. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa ta yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun likitoci. A 2018 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhajar dabam mai suna IDx-DR, wadda ke yanke hukunci kan hoto ba tare da likita ya sake dubawa ba.

To amma ɗakin bincike dabam, ɗakin shan magani na karkara dabam. Tsakanin 2018 da 2019 masu binciken Google sun sa ido a ɗakunan shan magani 11 a lardunan Pathum Thani da Chiang Mai na ƙasar Tailan, inda ake shirin amfani da manhajar ko aka riga aka fara. Kafin zuwanta, ma'aikatan jinya ne ke ɗaukar hoto su aika wa likita a wani gari, kuma amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci har goma. Manhajar kuwa tana iya ba da amsa cikin 'yan mintoci.

Sai dai ta ƙi karɓar kashi 21 cikin 100 na hotunan da aka ba ta. Dalili shi ne an horar da ita da hotuna masu kyau, aka kuma umarce ta da ta yi watsi da duk wanda bai fito sarai ba, don gudun kuskure. A wurare da dama kuwa babu ɗaki mai duhu da ake buƙata domin ƙwayar ido ta buɗe sosai. Duk wanda aka ƙi hotonsa sai a ce masa ya je wurin likita a wata rana, abin da ke nufin kuɗin mota da asarar aikin yini guda. Abin ya fi ɓata wa ma'aikatan jinya rai a lokutan da su kansu suke ganin hoton da idonsu, suna kuma da yaƙinin cewa babu cuta. Ga kuma intanet mai tafiyar hawainiya, tun da sai an aika kowane hoto kafin amsa ta dawo, yayin da marasa lafiya ke jere suna jira.

Ko shakka babu, na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta bi umarnin da aka ba ta ne. Hukuncin da injiniyoyi suka yanke a ofis, kan irin hoton da ya cancanci karɓa, shi ne ya koma wahalar tafiya ga marasa lafiya. Abin a yaba, kamfanin da kansa ne ya fito da wannan rahoto a 2020.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda likitocin asibitin Rajavithi na birnin Bankok suka jagoranta kan mutane fiye da 7,000, ya nuna cewa manhajar ta gano nau'in cutar mai barazana ga gani daidai a kusan kashi 95 cikin 100, wato kwatankwacin ƙwararrun likitocin da aka auna ta da su.