Award 4.51PG: Tarihin manhajar da ke tashi kafin Windows ta farka

Duk ma'aikacin da ya kama aiki a ƙarshen shekarun 1990 ko farkon shekarun 2000 ya san wannan fuskar, ko da bai taɓa tsayawa ya karanta abin da ke kanta ba. Da zarar an kunna kwamfuta sai allo ya yi baƙi, tambarin Energy Star ya bayyana a kusurwar dama ta sama, lambobi su riƙa gudu suna ƙirga ƙwaƙwalwar na'urar, sannan a ji ƙara guda ɗaya gajera. A layin farko kuwa akwai suna: Award Modular BIOS v4.51PG.

Wannan suna na wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune cikin wata ƙwayar lantarki a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira modabod. Ita ce ke fara tashi kafin komai. Tana duba ƙwaƙwalwa da kibod da katin hoto, ta nemo faifan ajiya, ta karanta bait 512 na farkonsa, sannan ta miƙa ragamar aiki ga Windows. Idan ta ga matsala, da ƙara take magana: gajera ɗaya na nufin lafiya lau, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto ne ya ƙi. Tarihinta ya nuna cewa wannan ɓangaren da ba a kula da shi ne ke yanke tsawon ran kwamfuta, kuma shi ke nuna iyakar amanar da za a iya damƙa mata.

Daga littafin IBM zuwa kasuwa

Gary Kildall ne ya fara amfani da kalmar BIOS a 1975, a cikin manhajarsa ta CP/M. Sai dai ba ta zama ruwan dare ba sai da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a watan Agustan 1981. Kusan duk sassan wannan na'ura ana iya sayensu a kasuwa. Abin da IBM ya mallaka shi kaɗai shi ne BIOS ɗin. Kamfanin ya wallafa rubutun manhajar gaba ɗaya a littafin bayanin na'urar, yana dogaro da dokar haƙƙin mallaka ta hana kowa kwafa.

Masu son yin kwamfuta irin ta IBM sai suka ɓullo ta wata hanya. Wani rukunin injiniyoyi zai nazarci manhajar ya rubuta bayanin abin da take yi, wani kuma da bai taɓa ganin rubutunta ba ya gina sabuwa daga wannan bayanin kaɗai. Compaq ya gina BIOS na kansa don kwamfutar da ya fara sayarwa a 1983. A 1984 kamfanin Phoenix ya gina nasa, ya kuma fara sayar da lasisinsa ga duk mai buƙata. Daga nan ƙofa ta buɗe. Kamfanoni uku suka mamaye wannan kasuwa: Phoenix, da American Megatrends da aka kafa a 1985, da Award Software da aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1983.

Award ya sami karɓuwa musamman a wurin masu ƙera modabod na Taiwan, irin su Asus da Gigabyte da Abit. Su ne suka cika duniya da allunan da ake harhaɗa kwamfutoci marasa tambarin babban kamfani, irin waɗanda 'yan kasuwa suka riƙa haɗawa a Ikeja suna kai wa ofisoshi da makarantu a faɗin Najeriya.

Abin da haruffan ke nufi

Haruffa biyu na ƙarshen sunan suna ba da labarin zamaninsu. G alama ce ta tsimin wuta, wato ikon kashe allo da faifai idan an bar kwamfuta ba a taɓa ta ba, bisa shirin Energy Star da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar a 1992. P kuma alama ce ta tsarin da ke bai wa kwamfuta damar gane sabon kati da kanta. Kafin wannan tsarin, mai saka katin sauti ko na modem sai ya riƙa sauya wasu 'yan maɗaurai a kan katin da hannu, don kada na'urori biyu su yi karo a kan layi ɗaya.

An kira ta mai sassa-sassa ne saboda Award na ba da ginshiƙin, kowane mai ƙera modabod kuma ya ƙara abin da ya dace da allonsa. Wannan ya jawo wani ruɗani da har yau yake kama masu gyara: lambar 4.51PG ta zauna a kan alluna iri-iri na tsawon shekaru, tun daga zamanin Pentium na farko har zuwa Pentium II da III, alhali abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Shaidar gaskiya tana can ƙasan allo, a wani dogon layi da ya fara da kwanan wata. A cikinsa, 2A59I na nufin allon na ɗauke da rukunin ƙwayoyin Intel 430TX, 2A69K kuma na nufin 440BX, sai haruffan da ke biye su nuna kamfanin da ya ƙera shi. Wanda ya ɗora wa allonsa manhajar wani allon don ya ga lambar sama iri ɗaya ce, sau da yawa ya kashe shi ke nan.

Rauni uku

Rauni na farko lissafi ne. BIOS na ƙirga girman faifai da wasu ma'aunai da aka tsara tun lokacin da megabait 10 ke zama babban faifai. Da faifai suka girma sai aka riƙa cin karo da katanga: a megabait 528, sannan a gigabait 8.4. Ita kuwa 4.51PG tana da nata kuskuren na musamman. Idan adadin da'irorin faifai ya wuce 65,535, wato kusan gigabait 33.8, sai kwamfutar ta sandare a lokacin da take neman faifan. An gyara wannan a 1999, amma alluna da dama ba su taɓa samun gyaran daga masu ƙera su ba. Dole ta sa kamfanonin faifai suka sanya wani maɗauri a bayan faifansu wanda ke sa na gigabait 40 ya nuna kansa a matsayin na 32. Kwamfuta lafiyayya ta tsufa ba don ƙarfenta ya gaji ba, sai don manhajar da ke ƙarƙashinta ba ta iya ƙirge ba.

Rauni na biyu ya fito ne daga wani ci gaba. A da, ƙwayar BIOS ba ta goguwa. Mai son sabuwa sai ya cire ta ya saka wata. A shekarun 1990 aka koma ga ƙwayar da ake iya sake rubutawa daga faifan filofi. Abin da mai gyara zai iya rubutawa kuwa, mugu ma zai iya. A 1998 wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda ta tashi a ranar 26 ga Afrilu, 1999. Tana goge farkon faifan ajiya, a wasu alluna kuma, musamman masu 430TX, tana lalata BIOS ɗin kansa, ta yadda kwamfutar ba ta ko nuna haske. Masu gyara sun riƙa ceto irin waɗannan alluna ta hanyar zare ƙwayar wata kwamfuta mai rai tana kunne, su cusa matacciyar a gurbinta su sake rubuta ta. Daga baya Gigabyte ya fara sanya ƙwaya biyu a allo ɗaya, ɗaya na jiran ko-ta-kwana.

Rauni na uku shi ne kalmar sirri. Shuɗin shafin da ke buɗewa idan an danna Del yana bai wa mai kwamfuta damar kulle ta. Amma wasu sigogin Award na wancan lokaci suna da kalmomin kamfani da ke buɗe kowace na'ura, kuma jerinsu ya bazu a intanet. Ko babu su, kalmar na zaune ne a wata 'yar ƙwaƙwalwa da batiri mai kama da kwabo, CR2032, ke riƙewa. A cire batirin, kalmar ta tafi. Mafi muhimmanci, kullen bai taɓa shafar abin da ke cikin faifai ba: duk wanda ya zare faifan ya jona shi a wata kwamfutar zai karanta komai.

Ƙarshen zamani

A 1998 Award ya haɗe da Phoenix, sigar 6.00PG ta gaji 4.51PG, daga baya sunan ya koma Phoenix-Award. Amma tushen bai sauya ba: manhaja ce da ke aiki a yanayin bit 16 na 1981, cikin megabait ɗaya na ƙwaƙwalwa, kuma tsarin rabon faifan da take dogaro da shi ba ya wuce kusan terabait 2.2. Intel ya fara gina madadinta a ƙarshen shekarun 1990 don manyan na'urorinsa na Itanium, ya kira shi EFI. A 2005 aka miƙa aikin ga ƙungiyar kamfanoni, ya zama UEFI. A 2017 Intel ya sanar da cewa zai daina tallafa wa tsohon tsarin BIOS zuwa 2020. Windows 11, da ta fito a watan Oktoban 2021, tana buƙatar UEFI da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0, ita kuma Windows 10 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Abin da ya rage wa ofis

Abin da ya faru da kwamfutocin 1999 shi ke faruwa da na yau: na'ura na aiki sarai, amma abin da ke ƙarƙashinta ya hana ta karɓar sabon abu. Jami'in da ke rubuta buƙatun sayen kwamfutoci yakan duba saurin injin da girman faifai. Tambayar da ake yawan tsallakewa ita ce har zuwa yaushe kamfanin zai ci gaba da fitar da gyaran manhajar tushe, kuma wa aka ɗora wa alhakin saka shi.

Akwai kuma tsofaffin na'urorin da ke jibge a ɗakunan ajiya suna jiran gwanjo. Wadda ta ƙi tashi tana ƙorafin CMOS, ko agogonta ya koma wata tsohuwar shekara, galibi batirin nan ne ya mutu, kuma sauya shi aikin minti biyu ne. Barinsa haka na sa takardu su ɗauki kwanan watan da ba nasu ba, abin da kan zama matsala ranar da mai binciken kuɗi ya zo. Faifan irin wannan kwamfuta mai fil 40 ana iya karanta shi da 'yar na'urar haɗi da ake samu a wurin masu gyara, don haka tsofaffin takardun da ke ciki ba su ɓace ba tukuna.

Wannan sauƙin ne kuma haɗarin. Faifan da ma'aikaci zai iya ceto takardunsa daga ciki, wanda ya saye shi a gwanjo ma zai iya, da jerin albashi da bayanan ma'aikata da wasiƙun da aka buga wa hatimin sirri. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan hukumar da ta tattara su, kuma wannan alhaki ba ya sauka don kwamfuta ta tsufa. Kafin a sa hannu a takardar fitar da tsohuwar na'ura, sai a kwashe abin da ke da amfani, a goge faifan gogewa ta gaskiya ko a lalata shi, a kuma rubuta a fayil wanda ya yi aikin da ranar da aka yi.