Kai Yara Gidan Namun Daji Ba Sai Da Salla Ba

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san kura tun bai iya ɗaura wando ba. Ya san kwaɗayinta da tsoronta, ya san yadda Gizo ke yi mata wayo, ya kuma san zaki shi ne manyan dawa. Amma in malami ya tambayi 'yan ajinsa a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi wa ya taɓa ganin kura da idonsa, sai ya ga hannuwan da za a ɗaga ba su taka kara sun karya ba. Wannan kuwa ba laifin yara ba ne. Dajin da kakanninmu suka yi farauta a ciki ya zama gonaki, gonakin kuma sun zama gidaje. Zakunan da suka rage a dazuzzukan Nijeriya 'yan kaɗan ne, su ma sai can wajen Yankari da Kainji.

Abin mamaki shi ne maganin wannan yana nan a ƙofar gidanmu. Marigayi Alhaji Audu Bako, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina gidan namun dajin nan da ake kira da sunansa, aka buɗe shi a 1972. A lokacin wurin bayan gari ne. Yau birni ya kewaye shi ta ko'ina, har titin da ya bi ta gabansa ya ci sunan gidan. Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi in ya taso daga Dangi, kafin ya gama gaisawa da mai a-daidaita-sahu an sauke shi a bakin ƙofa.

To, me ya hana? Mun lura yawancinmu, malamai da akawuna, mun ajiye zuwa can sai da Salla. Ranar kuwa ƙura da turereniya ba sa barin yaro ƙarami ya ga kome sai bayan rigunan manya.

Wata Asabar bayan azahar yara suka ishe mu da guje-guje a tsakar gida, sai muka ce kowa ya sa takalminsa. Ba wani shiri, sai ruwa a gora da ƙullin gyaɗa da uwarsu ta miƙo. Mun tarar da wurin shiru, inuwar itatuwa ta sauka. Zaki yana kwance ya juya mana baya, ɗan shekara huɗun ya ɓata rai, ya ce wannan ba shi ne na tatsuniya ba. Muka gaya masa ai zaki yakan kwashe kusan awa 20 a kwana guda yana hutawa, sai dare ya yi yake fita neman abinci. Da muka isa kejin kura ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Baba, to ina Gizo?" Wannan tambaya ita ce ribar tafiyar, domin daga ranar ya fara rarrabe abin da ke cikin labari da abin da ke cikin duniya. Muka nuna masa kaurin wuyanta da ƙarfin muƙamuƙinta, wanda take farfasa ƙashi da shi, don ya san kurar gaske ba wawa ba ce.

Yayarsa kuwa, 'yar shekara shida, wajen jimina ta kafe. Ita da kanta ta ƙirga yatsun ƙafar, ta ga biyu ne kacal, alhali na kazar gidanmu huɗu ne. Ba mu koya mata ba, ita ta gano. Mu dai ƙarawa muka yi da cewa babu tsuntsun da ya kai jimina girma, ba ta tashi sama, ƙwanta ɗaya kuwa ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Shekara da shekaru muna faɗa wa ɗaliban kwalejin horon malamai cewa nazarin halitta da ido ake fara shi, allo da alli daga baya suke zuwa, amma ba mu taɓa samun misalin da ya kai wannan ba.

Sai dai akwai abin kiyayewa. Kada uba ya ce lalle sai an zaga gidan duka. Ƙafar yaro gajera ce, in ya tsaya rabin awa yana kallon birrai, a bar shi. In ya yi tambayar da ba a san amsarta ba, a tambayi ma'aikatan wurin, kada a ƙaga masa ƙarya. A hana shi jifan kada don wai ya motsa, ɗabi'ar da mukan gani har ga masu gemu. Kuma a riƙe hannunsa kusa da shinge. Mutanen unguwannin nan ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba, sa'ad da wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka yi wajen kwana biyu ana fama kafin a mayar da shi.

Wanda ya yi niyya, ya zaɓi ranar da ba biki ba, ya je da safe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi dabbobi suka fito daga inuwa.