Awon Ciki Bai Cika Ba Sai An Tambayi Zuciya

A ɗakin awo ana auna nauyin mai ciki, a duba jininta, a saurari bugun zuciyar ɗan da take ɗauke da shi. Da wuya ka ji an ce mata, "Baiwar Allah, kina samun barci kuwa? Lafiya kuke zaune da maigidan?" Ko an tambaya ma, "lafiya lau" za ta ce. Da kunya aka raine ta, da "ki yi haƙuri" aka raka ta ɗakin miji.

Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa sama da kashi 15 cikin ɗari na masu ciki suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Ciwon yakan laɓe a bayan laulayi, shi ya sa ba a gane shi. Laulayi dai yakan lafa bayan wata uku ko huɗu. Amma idan mace ta haura mako biyu tana kuka ba dalili, barci ya ƙaurace mata, abin da take so a da ya fita daga ranta, har tana jin gara ta mutu ta huta, to wannan ciwo ne mai magani. A gida kuwa sai a ce shagwaɓa ce, ko iska, ko sammun kishiya.

Sau da yawa tushen yana cikin ɗaki. Ciki ba ya hana mugun miji ɗaga hannu, wasu ma da cikin abin yake farawa. Duka kan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Zagi da gori da hana cefane ba sa barin tabo a jiki, amma suna cinye mace, har ta daina zuwa awo.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne taimakon ba sai babban likita ba. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya, suna bin masu ciki da ke fama da ciwon damuwa gida suna sauraronsu, suna koya musu yadda za su kama mugun tunani su sauya shi, suna jawo dangi a jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna wata shida bayan haihuwa kashi 23 ne suka rage da ciwon, waɗanda ba su samu wannan kulawa ba kuwa kashi 53. A 2015 hukumar lafiyar ta mayar da tsarin littafin koyarwa. Mu da muke da ungozomomi da al'adar goyon ciki, ai ba baƙon abu ba ne, sai dai goyon cikin na ɗan fari ne, mai ciki na biyar ba mai waiwayarta.

Amma hira ba ta tsayar da duka. Ma'aikaciyar awo ta tambayi mace ita kaɗai, ba a gaban miji ko uwar miji ba, ta riƙe mata sirri, su tsara inda za ta nufa idan dare ya yi muni. Idan ciwon ya yi tsanani akwai magungunan da likita ke zaɓa wa mai ciki, kada a saya a kemis. Najeriya kuma tana da dokar hana cin zarafi tun 2015.

Iyaye, idan 'yarku ta zo gida da ciki da kumburin ido, kada ku mayar da ita a daren nan. Ku fara kai ta asibiti, sannan a kira mijin.