Sarƙewar Zare a Injin Yankan Ciyawa: Sababi da Magani

Duk wanda ya taɓa wucewa ta farfajiyar makaranta ko ta ofis a tsakiyar damina, ya ga ma'aikaci rataye da injin nan mai dogon mariƙi wanda ke aske ciyawa da zaren roba maimakon wuƙa, lalle ya lura cewa aiki ba ya yin nisa sai mutumin ya kashe injin, ya durƙusa, ya shiga kiciniyar kwance kan, yana zargin masu ƙira da algus. Alhali kuwa galibin wannan wahala daga hannun mai naɗa zaren take fitowa.

Asalin na'urar hikimar wani Ba'amurke ce mai suna George Ballas, mutumin Houston a jihar Texas, wanda a farkon shekarun 1970 ya lura da yadda burushin wankin mota ke juyawa, ya huda gwangwani, ya zura masa zaren fatsa, daga baya kuma ya sayar da abin da sunan Weed Eater. Ga yadda na yanzu ke aiki: a cikin kan injin akwai kwarkwaro irin na masaƙa, zare na naɗe a jikinsa, bakinsa ya leƙo ta wata 'yar kafa, idan aka daddala kan a ƙasa injin yana gudu, sifirin da ke ciki ya lotsa, kwarkwaron ya saki kaɗan, ƙarfin juyi ya fizgo zaren, wata 'yar wuƙa da ke jikin garkuwa ta datse abin da ya yi yawa.

Babbar illa tana wajen naɗi. Wajibi ne a bi kibiyar da aka zana a jikin kwarkwaro, domin wanda ya naɗa a baibai, maimakon zaren ya fito, ƙara shigewa ciki zai yi. Haka kuma wajibi ne layi ya kwanta kusa da ɗan'uwansa, a ɗaure tamau, kada wani ya hau kan wani, gama idan naɗin ya yi sako-sako, da zarar zaren ya bugi dutse sai na sama ya nutse a tsakanin na ƙasa, ya maƙale, ko sau nawa aka daddala ba zai motsa ba. Akwai kuma masu haɗama, waɗanda don gudun sake naɗi sukan cika kwarkwaro har ya tumbatsa, su danne marfi da gwiwa. Waɗannan ba su rage wa kansu aiki ba ko kaɗan. Kaurin zare ma da ƙa'idarsa: ƙananan injuna masu batir sukan ɗauki milimita 1.6 ko 2.0, na fetur kuwa 2.4 zuwa sama, kuma wanda ya cusa mai kauri a kan da ba a yi dominsa ba, ya toshe kafar, ya kuma ɗora wa injin nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Sababi na biyu zafi ne. Idan mutum ya dinga tura kan injin cikin katanga, ko shingen waya, ko ciyawa mai kauri, zaren yakan yi ta gogar juna a ciki har ya narke ya manne, sai an kai ga wuƙa kafin a raba shi. Bakin zare ne kaɗai ke yanka, saboda haka a bar bakin ya yi aikinsa, a sassabe doguwar ciyawa daga sama zuwa ƙasa, a riƙa sakin sabon zare tun bai gajarta ya koma cikin kafa ba.

Amma abin da ya fi shafarmu, mu mazauna ƙasar hunturu, shi ne ɗabi'ar robar kanta, wadda ake kira nailan: tana shan laima, laimar ce kuma ke ba ta laushi, don haka zaren da ya kwana watanni a shago ko a rana, daga kaka har ƙarshen bazara, yakan bushe ya yi gautsi, ya riƙa tsinkewa daidai bakin kafa. Maganinsa ba ya cin ko sisi: a jiƙa shi a bokitin ruwa yini da kwana kafin a naɗa, ragowar kuma a adana a inuwa cikin leda tare da ɗan jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan kowane aiki a buɗe kan, a kakkaɓe yashi da danyar ciyawa, a duba kafar ko zare ya ci ta har ta yi kaifi, in ta yi a sauya ta. Kada kuma a cire garkuwa kamar yadda wasu ke yi da sunan sauri, domin ita ce ke tare tsakuwa, ita ce kuma ke daidaita tsawon zare. Kafin dai mai karatu ya kai hannu ga kan injin, ya tabbata ya kashe shi, ya zare hular fulogi ko ya cire batir.